Ɓauren Ƙaya a Bayan Katangar Sarki Jatau

"Buta ɗaya! Buta ɗaya tak na zuba mata, ita ma ban cika ta ba!"

"Ranka ya daɗe Waziri, jiya ma buta ɗaya ka ce."

"Ta jiya ai gaisuwa ce. Ta yau ban-gajiya."

"To ga shi gajiya ta bi lafiya. Duba gindinta. Taɓa ka ji, luɓus, kamar kabewar da ta kwana uku a tukunya."

"Ba na taɓawa. Shekara uku ke nan da na taɓa, har yau tafin hannuna bai yafe mini ba. Kai kuma Cindo, da kake ta ɗaga mini murya, za ka iya rantsuwa ba ka ɗiga mata ko ɗigo ba?"

"Ni Sarkin Lambu ne. In ban ba shuka ruwa ba, me zan ce ina yi a duniya?"

Daga nan littafin da na ɗauko wannan hikaya ya fara, domin gara ta riga ni zuwa warƙoƙinsa na farko. Amma abin da ta rage ya isa a gane mafarin rigimar.

An ce a zamanin da, a bakin sahara, akwai wani gari da ake kira Birnin Marke. Rana a garin nan ba ta san wasa ba, rijiyarsa kuwa gaba arba'in ce kafin guga ya ji sanyi. Sarkin garin, Sarki Jatau, ya shekara talatin a kan gado, ya gaji da shari'a, ya gaji da gaisuwa, ya gaji har da gajiyar. Ko me aka kawo masa, sai ya gyara murya sau biyu, ya lumshe ido, ya ce, "To... to... a bari sai gobe."

An ce mutanen garin suna da al'adu biyu da ba su wasa da su. Ta farko, tun da ruwa ne abu mafi tsada a wurinsu, da shi suke girmama mutum. Duk wanda ya zama baƙon Sarki, to wajibi ne kowane bafade ya kai masa ruwa da hannunsa kullum, wanda bai kai ba kuwa a san ba ya ƙaunar Sarki. Fadawan nan su arba'in ne. Ta biyu, duk wanda ya kawo wa Sarki kyautar abu mai rai, ba a sallamarsa sai kyautar ta kama ƙasa: in goɗiya ce sai ta haihu, in itace ne sai ya yi fure a idon Sarki. Sun ce wannan karamci ne, don kada a sallami mai kyauta kafin a san girman godiyar da za a yi masa.

Ana nan, sai wani falke mutumin Gadamus ta ƙetaren sahara, mai suna Balkasim, ya iso garin cikin ayari. Niyyarsa ya yi kwana arba'in ya juya. Da ya zo gaida Sarki, maimakon ya miƙa darduma ko takobi kamar kowa, sai ya kwance wani ƙunshi, ya fito da wani koren abu mai faɗi kamar faifai, mai kauri kamar tafin raƙumi, duk jikinsa ƙaya. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan a ƙasarmu ɓauren ƙaya muke ce mata. Uwata ce ta yanko ta da hannunta daga bayan ɗakinta. Ba ta da ganye sai tafuka, tafi bisa tafi. In ta girma takan yi fure rawaya, har da ja a cikinsa, irin wanda ko a rawanin amarya ba a samu. Na ga lambunka rana ta ƙone shi, na ce ga wadda rana ba ta iya wa."

Babu wanda ya gaya masa al'ada ta biyu sai da Sarki ya riga ya ce ya karɓa.

Waziri Maikwano, mutum ne mai jiki, mai son a ga ya riga kowa, ya taso ya ce shi zai fara yi wa baƙuwa maraba. Ya kauce wa manyan ƙayoyin da wayo, ya shafa tsakaninsu, bai san nan ne ƙananan suke ba, masu kama da gashin jariri. Kwana uku ana narka ƙaro ana shafa masa a hannu, in ya bushe a ɓamɓaro, yana salati. Tun daga ranar aka sa wa shukar suna Baƙuwar Sarki.

Balkasim ya bayyana yadda ake dasa ta. Ya ce a ajiye tafin a inuwa kwana goma har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo, sannan a tsayar da shi cikin yashi da tsakuwa, a inda rana ta fi zafi, a kafa masa dutse ya jingina, a tafi a manta da shi. Sarkin Lambu Cindo ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai, ya ce, "Madalla." Ya je ya haƙa rami a gindin tsamiya, ya cika shi da takin awaki, ya yi wa baƙuwa rumfa don kada rana ta dame ta. Fadawa arba'in suka yi layi da butocinsu.

Ba a yi wata biyu ba gindinta ya ruɓe. Balkasim ya yanke saman da ke da sauran lafiya, ya shanya, ya sake dasawa. Cindo ya kwashi ruɓaɓɓen ya wurga bayan katanga. Ayari ya tashi ya bar Balkasim.

Da abin ya maimaitu, Sarki ya tara fada ya ce, "Ina tambaya, wanda ya sani ya faɗa. Me ke kashe baƙuwata?"

Waziri ya ce baki ne, a rataya mata laya. Cindo ya ce takin awaki ne ya yi mata kaɗan, a koma na shanu. Balkasim ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, in an yarje mini, zan ba da wani labari da tsofaffin ƙasarmu ke bayarwa."

Sarki ya ce, "In gajere ne."

Balkasim ya ce, "An ce ranar da aka raba wa tsirrai ruwa, kowa ya zo da wuri. Shinkafa ta zo da ƙwarya, rake ya zo da tulu, ayaba ta zo da ita da 'ya'yanta. Ɓauren ƙaya tana can nesa cikin duwatsu, ba ta da ƙafar sauri, kafin ta iso an rabe. Aka duba gindin randa, aka sami kurɓi ɗaya, aka ce, 'Ga naki, na shekara ne.'  Ta karɓa ta ɓoye a tafin hannunta, ta kewaye shi da ƙaya. Ta koyi yadda ake zama da kurɓi ɗaya shekara guda, har ta yi fure a kai. Abu ɗaya ne ba ta koya ba, domin ba a taɓa ba ta abin da ya yi yawa ba: ba ta iya cewa ya isa ba. In aka ba ta sai ta sha, aka ƙara sai ta sha, don kunya, har cikinta ya ruɓe. Wannan shi ne labarin, Allah ya ja zamaninka."

 Sai aka ji Waziri yana jan hanci. Ya share ido da hannun riga ya ce, "Ka ji, ranka ya daɗe! Ashe tun farkon duniya aka zalunci baiwar Allah. Kurɓi ɗaya! To ta zo gidan da za a rama mata."

Balkasim ya dafe kai.

Sarki dai ya gane, gwargwadon yadda gajiyayye ke ganewa. Ya ce kada kowa ya ƙara ba ta ruwa. Aka rushe rumfa, aka mai da ita cikin yashi. Amma doka daban, zuciyar bafade daban. Kowannensu ya zauna ya yi tunani: yau Sarki ya hana, gobe in ta yi fure zai tambaya wa ya kula da ita, ni kuwa in ce me? Saboda haka da tsakar rana, lokacin da gari ke ƙailula, sai ka ga babbar riga tana sanɗa ta bayan rumbu, da buta a ƙarƙashinta. Wannan ya fita, wancan ya shigo. Kowa yana zaton shi kaɗai ne mai tausayi a garin.

Haka aka yi ta yi. Ta ruɓe, a yanke, a shanya, a dasa, a wurga ruɓaɓɓen bayan katanga. Abin da ya zo kamar faifai ya koma kamar tafin hannu, ya koma kamar kunnen akuya. Ayari na biyu ya zo ya tafi, na uku ya zo ya tafi.

Shi kansa Balkasim bai tsira ba, domin shi ma baƙon Sarki ne. Kullum ƙwarya arba'in ake kai masa, kowace sai ya kurɓa a idon mai ita, ya ce, "Alhamdu lillahi, na gode, Allah ya ƙara girma." Mutumin da ya saba ƙetare sahara da salka ɗaya ya kumbura, ƙafafunsa suka yi nauyi, ba ya zama cikakken zance bai nemi uzuri ya zagaya ba. Da ayari na huɗu ya iso, aka kawo masa saƙo daga gida: idanun uwarsa sun fara rufewa, ta ce in zai zo ya zo tun tana iya bambanta fuskarsa da ta maƙwabci. Madugu ya ce ranar Alhamis za su juya, ba kuma za su jira kowa ba.

To, ranar Litinin ta wannan makon ne Waziri da Sarkin Lambu suka yi karo a lambu, kowa da butarsa, suka yi cacar bakin da kuka ji. Abin da suke tsaye a kansa shi ne guntu na ƙarshe, ya kuwa ruɓe har sama, babu abin yanka.

Balkasim ya zo ya duba. Bai yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ya ƙare tun bara. Ya tafi gaban Sarki ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kyauta ta mutu. Babu irinta a wannan gefen sahara. A sallame ni in je in ga uwata, in Allah ya so in aiko da wata."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya ce, "Al'ada ba ta ce a sallami mai kyauta in kyauta ta mutu ba. Cewa ta yi sai ta yi fure. Ai mu ba mu gaji da shi ba."

Sarki ya gyara murya sau biyu ya ce, "To... to... a bari sai gobe."

An ce Balkasim ya fito daga fada bai san inda za shi ba. Abin da ya sani kawai, in ya koma masauki ƙwarya arba'in na jiransa. Sai ya bi gindin katangar lambu ta waje, yana tafe yana jan ƙafa, har ya zagaya bayanta, inda hanya ta ƙare, babu sawun kowa sai na ƙadangaru. Can ya ga wata bukka a kan tarin tsakuwar tsohon gini. A gefen bukkar kuwa, ya tsaya cik.

Ɓauren ƙaya ce, ta kai masa kafaɗa, tafi bisa tafi bisa tafi, kore shar, ta bazu kamar ta gaji wurin. A gefen tafukan sama ga tohon fure jere, sun kumbura, bakinsu ya fara nuna rawaya.

Wata murya ta ce, "In fitsari ka zo yi, matsa gaba. In gaisuwa ce, ka yi ɓatan kai."

Ya waiga, ya ga wata tsohuwa siririya, miƙaƙƙiya kamar taɓarya, tana tsince gero a faifai. Ya ce, "Sannu Iya. Wa ya dasa wannan?"

"Wa zai dasa? Daga sama take faɗowa. Duk bayan wata biyu sai in ji tim, an wurgo ta daga lambu, da zagi a bayanta."

"Me kike ba ta?"

"Ni? Tulu ɗaya nake ja a rana, da hannuna, gaba arba'in. In ba ƙaya? Ko sannu ban taɓa ce mata ba. Nan ta kwanta a inuwar katanga har ciwonta ya bushe, ta ga ba mai zuwa, ta kafa saiwa don kanta."

Balkasim ya zauna a ƙasa, ya yi kuka kaɗan, irin na wanda ba shi da ƙarfin mai yawa. Sannan ya gaya mata labarinsa tun daga farko. Ya ce, "Amma Iya, yaya aka yi fadawa ba su gano wurin nan ba?"

Ta ce, "Kai baƙo ne, shi ya sa ka zauna kusa da ni. Bari ka ji. Sunana Tsahara, ni ce Jakadiyar Sarki a da. Ni ke kai saƙonsa daga cikin gida zuwa fada. Na lura in na faɗi saƙo da muryata sai a yi ta jan jiki, in na faɗa da tasa kuwa kafin in rufe baki an tashi. Sai na riƙa faɗa da tasa. Tun ina yi don aiki har na koma yi don daɗi. Ran nan ina zaure na tara dogarai, na ɗaura tsumma a ka, na kishingiɗa, na gyara murya sau biyu." Ta kuwa gyara, ta lumshe ido, ta ce, "To... to... a bari sai gobe."

Balkasim ya zabura ya waiga bayansa, don ya rantse Sarki ne.

Ta ce, "Haka shi ma ya ji, yana tsaye a bayana da baƙi daga gari uku. Baƙin suka yi ta ƙoƙarin riƙe dariya, ɗaya har ya shaƙe. Sarki ya ce, 'Kada idona ya sake ganinki.' Ranar kam bai ce sai gobe ba. Shekara goma sha bakwai ke nan. A garin nan kuwa, wanda Sarki ke fushi da shi ko inuwarsa ba a takawa. Shekarar farko na yi kuka. Ta biyu na lura ciwon cikina ya tafi. Ba mai tashina gaisuwa, ba mai ɗura mini ruwa, ba wanda zan yi wa dariyar dole. Sa'o'ina na fada duk sun mutu ko sun kumbura. Ni ga haƙorana, ƙirga."

Balkasim ya ce, "Bari in ruga in gaya wa Sarki!"

"Ruga, in ƙafafun nan za su yarda. Ka gaya masa a fada, a gaban arba'in ɗin nan. Zai ce sai gobe. Su kuwa ba za su bari sai gobe ba. Da sun ji Baƙuwar Sarki ce, kuma ga fure a bakinta, kowa zai so a ce shi ya ƙarasa aikin. A tuge ta a mai da ita lambu, tohon ya zube, a bi ta da buta. Kai kuma ka sake shekara uku."

"To yaya zan yi? Sai ya gani da idonsa, shi kuwa ba ya zuwa inda yake fushi."

Tsahara ta dubi tohon, ta karkata kai. Ta ce, "Waɗannan jibi za su buɗe, in rana ta take. Har yanzu Sarki yana ƙailula a gindin tsamiyar nan ta bayan katanga?"

"Kullum."

"To je ka sha ruwanka. Jibi ka tsaya kusa da shi, ka tabbata akwai tsani a lambun. Mutumin nan daɗi ba ya tashe shi, roƙo ba ya tashe shi. Abu ɗaya na taɓa gani ya tashe shi tsaye."

Ya ce, "Iya, in ya sa aka kashe ki fa?"

Ta ce, "Zai ce a bari sai gobe."

An ce ranar Laraba da tsakar rana, Sarki Jatau yana kishingiɗe a gindin tsamiya, fadawa na zaune suna gyangyaɗi, sai aka ji an gyara murya sau biyu daga bayan katanga. Kowa ya dubi Sarki. Bakinsa a rufe yake.

Muryar Sarki ta ce daga can, "Waziri, gari ya kama da wuta, me ka gani?"

Muryar Waziri ta amsa, har da numfashinsa na mai ƙiba, "Allah ya ba ka nasara, ni na fara ganin wutar, a rubuta. Na kuma gaishe ta."

Muryar Cindo ta ce, "A zuba mata taki."

Muryar Sarki ta ce, "To... to... a bari sai gobe."

Wani dogari ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Sarki ya tashi zaune. Ya tashi tsaye. Waɗanda suka zo fada a shekaru goma na baya ba su taɓa sanin tsawonsa ba sai ranar. Ya ce, "Tana nan da rai? A ba ni tsani!"

Balkasim ya riga ya jingina shi. Fadawa suka ja da baya, domin bayan katangar nan fushi ne tsantsa, ba mai son ya fantsar masa. Sarki ya tattare riga, ya hau, mataki ɗaya yana nishi ɗaya, ya leƙa da bakinsa cike da magana.

Maganar ba ta fito ba. A ƙarƙashinsa furanni ne sun fi hamsin, rawaya kamar an kunna fitilu da rana, cikinsu ja, ƙudan zuma na shiga suna fita. A gefe ga tabarma a tsaye, da ƙafafu biyu a ƙarƙashinta.

Sarki ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wane ne a bayan tabarma?"

Aka amsa, da muryar tsohuwa wannan karon, "Wadda aka ce kada ido ya sake gani ce, ranka ya daɗe. Ina kiyaye doka."

"Ke kika raya baƙuwata?"

"Ban raya ta ba. Ƙyale ta na yi."

"Shekara uku ina tambaya me ke kashe ta."

"Tambayi na bayanka, kowa ya ɗaga hannun rigarsa."

Sarki ya waiga daga kan tsani ya ce a ɗaga. Aka ɗaga. Butoci suka bayyana, don sabo bai bar su sun ajiye ba, wata ta tagulla, wata ta ƙasa, wata ta duma, har talatin da tara. Na arba'in ɗin ya ce tasa tana wurin gyara.

Tsahara ta ce, "Ba mugunta ce ta kashe ta ba, Allah ya ja zamaninka, da an huta, don mugu yakan gaji. Kowannensu ya ba ta abin da shi yake so a gan shi yana bayarwa, ba wanda ya tambaya me take iya ɗauka. Ga wani can a gindin tsani, shi ma saura kaɗan gindinsa ya ruɓe. Uwarsa na jiransa, ayari kuwa gobe ne."

Sarki ya dubi Balkasim, ya ga kumburarrun ƙafafunsa, kamar ranar ya fara ganinsu. Ya gyara murya sau biyu. Ya ce, "To... to..." Fada duk ta san sauran. Balkasim ya rufe ido.

Sarki ya ce, "A sallame shi yau."

Aka ba shi raƙuma uku da tufafi da guzuri. Waziri ya kawo shawarar kowane bafade ya raka shi da ƙwaryar ban-kwana, Balkasim ya ce, cikin ladabi, da muryar da ta shekara uku tana neman hanya, "Na gode. Ya isa." An ce ya tarar da uwarsa tana gani dishi-dishi, ta shafa fuskarsa ta ce ya yi ƙiba, da ganin alama mutanen kirki ya zauna da su. Bai yi mata musu ba.

Amma kafin wannan, Sarki na kan tsani bai sauko ba, ya ce, "Tsahara, na yafe miki. Ajiye tabarmar, ki koma cikin gida, ki faɗi abin da kike so."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ka yafe mini, kafin la'asar arba'in ɗin nan suna ƙofata, rabi su ɗura mini, rabi su ɗura mata. Fushin nan naka shi ne shingenmu. In kyauta za ka yi mini, ka bar mini abina, ka ma ƙara da ita a ciki. Sai dai a fasa taga a katanga, daidai inda kake kishingiɗa, ka riƙa hararar mu ta nan."

Sarki ya yi dariya, abin da rabonsa da yi tun kafin a kore ta. Ya sa aka yi shela cewa Sarki yana fushi da ɓauren ƙaya, fushi mai tsanani, da ita da mai zama kusa da ita, duk wanda aka gani a wurin da buta ya kuka da kansa. Aka fasa taga. Aka riƙa ajiye wa Tsahara gero da man shanu a bakin tagar, a matsayin horo. An ce daga baya duk wanda ke son gidansa ya yi kyau a Birnin Marke sai ya je ya tsinci tafin da ya faɗo, ya shanya shi kwana goma, ya kafa a tsakuwa, ya gaya wa iyalinsa cewa ba ya shiri da shi.

Masu hikima da suka rubuta wannan labari sun ce abin lura a cikinsa shi ne, alheri ba a auna shi da hannun mai bayarwa, sai da cikin mai karɓa, kuma akwai halittar da babu kyautar da ta fi mata a bar ta ta huta.

Da Sarki ya sauko daga tsani ya koma kishingiɗarsa, ya dubi Waziri Maikwano, wanda har yanzu butarsa na hannu, ya ce, "Waziri, kai ne babbansu. Me ka fahimta a cikin abin da ya faru yau?"

 Waziri ya dubi tsohuwar ta saman katanga, don ta hau dutse tana leƙe ta gefen tabarma, ya dubi cikinsa, ya shafa gwiwoyinsa. Sannan ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in akwai ragowar fushin nan, a ɗan sam mini na kwana arba'in. Amma a rubuta ni na fara roƙa."